Ribar yau da abokin cinikin gobe

Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san gyara. Bayan mai awo ya cika tiya, sai ya ƙara ɗan abin da tafin hannunsa ya ɗauka, ba tare da an biya shi ba. Mai awo bai ƙi kuɗi ba. Ya dai san cewa wanda ya samu gyara ran kasuwar nan, wurinsa zai komo ran kasuwa mai zuwa, wata rana ma ya zo da maƙwabcinsa. Wannan tsohuwar dabara ce manyan kampanonin duniya masu ƙera salula da kwamfuta suka ɗauka, suka faɗaɗa ta har ta kai ga miliyoyin kuɗi. Ya kamata a fahimci yadda suke yi, domin kayan nasu suna hannun manoma da ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙasar nan, kuma da kuɗin jama'a ake sayen wasu daga cikinsu don ma'aikatun gwamnati.

Cikin watan Nuwamba na shekara ta 2011, kampanin Amazon na ƙasar Amurka ya fitar da wata kwamfutar hannu mai siffar allo, mai suna Kindle Fire. Ya sa mata kuɗi dalar Amurka 199, wato sama kaɗan da jika 90 na sefa bisa canjin wancan lokaci. (Kada mai karatu ya haɗa dalar Amurka da dalar kasuwannin nan mai tamma biyar, suna ne kawai ya zo ɗaya.) A lokacin, allon kampanin Apple mai suna iPad, mafi arahar sa dala 499 ne. Wani kampani mai suna IHS iSuppli, wanda aikinsa shi ne ya kwance na'ura ya lissafta kuɗin duk abin da ke cikinta, ya kwance Kindle Fire, ya ƙiyasta cewa kayan da haɗa su sun ci wajen dala 202. Ke nan kowace guda da aka sayar, Amazon bai samu ko tamma ba, har ma ya cika daga aljihunsa. Shekara guda bayan haka, cikin watan Oktoba na 2012, shugaban kampanin, Jeff Bezos, ya faɗa wa gidan rediyon BBC a fili cewa yadda na'urorin suka tsaya musu haka suke sayar da su, domin ribar da suke nema tana cikin amfani da na'urar, ba cikin sayen ta ba.

Ma'anar maganarsa ita ce: wanda ya sayi allon zai riƙa sayen littattafai da finafinai da sauran kaya ta cikinsa, kuma daga kantin Amazon zai saye su. Allon ya zama ƙofar kanti da aka kai wa mutum har cikin ɗakinsa. Mai kanti kuwa ba ya karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa.

A ƙasar Sin ma an yi irin wannan. Lei Jun ya kafa kampanin Xiaomi a birnin Bejin a 2010, kuma cikin watan Agusta na 2011 ya nuna salularsa ta farko a kan yuwan 1999, alhali masu irin ƙarfinta na waɗansu kampanoni sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. Cikin watan Afrilu na 2018, kafin ya fara sayar da hannun jari a kasuwar Hong Kong, kampanin ya ɗauki alkawari a rubuce cewa ribar da za ta saura masa a kan na'urori, bayan an cire dukan abin da aka kashe da haraji, ba za ta wuce kashi 5 bisa 100 ba, kuma in ta wuce, za a maida rarar ga masu saye. Waɗansu masu lura da kasuwa sun yi murmushi, suka ce alkawari ne mai sauƙin cikawa, tunda dama mafi yawan ribar kasuwar salula ta duniya Apple da Samsung ke kwashewa, sauran kuwa da wuya su kai kashi 5 ɗin. Akwai gaskiya cikin maganarsu. Duk da haka, cikin tsakiyar shekara ta 2021 Xiaomi ya wuce Apple wajen yawan salular da aka fitar, ya zama na biyu a duniya na ɗan lokaci, shekara 11 kacal da kafa shi. Kuɗin da bai karɓa a kan salula ba, ya neme su wajen tallace-tallace da wasanni da sauran hidimomin intanet da ke cikinta. Masu riƙe da salular sun sha kukan yawan tallan, kuma nan ne za a gane cewa abin da aka rage wa mutum ranar saye, akwai inda zai biya shi daga baya.

To, shin wannan hanya daidai ce? Amsa ita ce daidai ce, kuma ta fi hanyar mai son ya ci ribar shekara cikin ciniki guda. Dalili kuwa shi ne salula ba goro ba ce da za a tauna a tofar. Wanda ya saye ta zai zauna da ita shekara biyu ko uku, ya saba da inda kowane abu yake cikinta, ya tara lambobin ƴan'uwa da hotunan ɗiyansa. Ran da ta mutu, zuciyarsa za ta fi karkata ga irin wadda ya sani, muddin ba ta ba shi kunya ba. Haka nan mutane ba su sayen abu mai tsada sai sun tambayi wanda ya riga su. Kampanin da ya haƙura da riba kaɗan a karon farko yana sayen wannan shaida ne, kuma shaidar ɗan'uwa ta fi duk wata sanarwa ta rediyo ko telbijin shiga kunne.

Amma akwai sharuɗɗa, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Araha ita kaɗai ba ta riƙe kowa. Amazon ɗin nan da ya ci nasara da allonsa, ya fitar da salula mai suna Fire Phone cikin watan Yuli na 2014, a kan dala 199 ga wanda ya ɗauki layi na shekara biyu. Mutane ba su so ta ba. Cikin watan Satumba aka karya kuɗin zuwa santi 99, abin da bai cika dala guda ba, amma har wa yau tana jibge cikin sito. Cikin watan Oktoba kampanin ya sanar da asarar dala miliyon 170 a kanta, a 2015 kuma ya daina sayar da ita. Salular ba ta da yawancin hidimomin da mutane suka saba da su, kuma kowa ya lura an ƙera ta ne don a ja shi kanti, ba don a biya masa bukata ba. Abin da mutum bai so, ko kyauta aka ba shi, kaya ne.

Sharaɗi na biyu ya fi wannan nauyi, shi ne lokacin da ake yin ragin, da kuma wanda ragin ya taka. Ranar 29 ga watan Yuni na 2007 Apple ya fara sayar da iPhone ta farko. Mutane suka kwana a layi bakin kantuna, suka biya dala 599 a kan babbar. Ranar 5 ga Satumba, wata biyu da ƴan kwanaki, kampanin ya maida kuɗinta dala 399. Ga sabon mai saye, wannan albishir ne. Ga waɗanda suka kwana a layi kuwa, mari ne, domin an nuna musu cewa ƙaunar da suka yi wa kampanin ita ce ta ci musu dala 200. Wasiƙun fushi suka yi ta zuba. Washegari shugaban kampanin, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, ya ba da haƙuri, ya kuma ba kowane ɗaya daga cikinsu takardar sayen kaya ta dala 100 a kantunan Apple. Mai lura zai ga cewa ko cikin ban haƙurin akwai wayo, tunda kuɗin cikin kantin za su koma. Amma dai an karɓi laifi cikin kwana guda, kuma fushin ya kwanta.

Kampanin Nintendo na ƙasar Japon, mai ƙera na'urorin wasa, ya shiga irin wannan hali a 2011, kuma yadda ya fita ya cancanci a tsaya a kansa. Cikin watan Fabrairu ya fitar da ƴar na'urar wasa ta hannu mai suna 3DS a kan yen 25.000. Kasuwa ta ƙi. Cikin watan Agusta, wata shida bai cika ba, ya maida ta yen 15.000, ƙasa da abin da take ci wajen ƙira. Shugaban kampanin, Satoru Iwata, bai jira wasiƙun fushi ba. Tare da sanarwar ragin ya ba da haƙuri ga waɗanda suka riga suka saya, aka ba kowannensu wasanni 20 kyauta, shi kuma ya rage rabin albashinsa, manyan da ke ƙarƙashinsa su ma aka rage musu. Shekarar kuɗin da ta ƙare cikin watan Maris na 2012, Nintendo ya rufe ta da asara, abin da ya yi shekaru da dama bai gani ba. Amma kafin a daina ƙera na'urar a 2020, an sayar da fiye da guda miliyon 75. Da shugaban ya riƙe kuɗin farko don kada lissafin shekara ya ɓaci, da masu rubuta wasanni sun guje wa na'urar da ba ta da jama'a, da ta mutu tun tana jaririya. Abin koyi a nan shi ne asarar daga sama ta fara, kuma ba a ɗora ta a kan waɗanda suka fara yarda da kampanin ba.

Sai dai kuma akwai arahar da tarko ce, wadda ma'aikatan biro suka fi kowa sani. Na'urar buga takardu da ake haɗawa da kwamfuta, sau da yawa ana sayar da ita da arahar da ke ba da mamaki. Bayan ƴan makwanni tawada ta ƙare, sai a tarar kuɗin kwalaben tawada biyu ko uku sun kai kuɗin na'urar kanta, kuma an ƙera ta yadda ba ta karɓar tawadar kowa sai ta gidansu. Cikin watan Satumba na 2016, na'urori da yawa na kampanin HP suka daina aiki da tawadar waɗansu kampanoni, saboda wani umurni da aka saka cikinsu tun da farko. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar Italiya ta ci kampanin tarar yuro miliyon 10, don bai bayyana wa masu saye wannan ƙulli yadda ya kamata ba. Wanda ke komowa sayen irin wannan tawada ba aminci ne ya maido shi ba. Dabaibayi aka yi masa, kuma dabbar da aka dabaibaye, ran da igiya ta tsinke ba ta waiwaye. Hanyar rarrabe su biyun mai sauƙi ce: a tambaya ko mai saye yana da ikon ya tafi wani wuri in ya ga dama. In yana da iko amma ya zauna, an samu abokin ciniki.

Mafi kusa da jama'ar ƙasar nan shi ne labarin kampanin Transsion na birnin Shenzhen, wanda sunansa bai shahara ba amma kayansa suna ko'ina: Tecno da itel da Infinix. An kafa shi a 2006, kuma ba da jimawa ba ya juya fuskarsa gaba ɗaya ga Afirka, lokacin da manyan kampanoni ke ganin nahiyar wurin zubar da tsofaffin samfura ne. Ya sa kuɗi daidai aljihun talaka, wannan gaskiya ne, amma abin da ya riƙe mutane ya wuce haka. Tun da salula ta shigo Nijar da kampanin Celtel a 2001, sauran kampanoni kuma suka biyo baya, mutum ɗaya kan riƙe layi biyu ko uku, domin wani layi ya fi kamawa a wani gari, kuma kira tsakanin layuka daban ya fi tsada. Sai Transsion ya kawo salula mai ɗaukar layi biyu, wata ma fiye. Ya sa batirin da ke kwanaki, abin da ke da muhimmanci ga mutumin ƙauyen da sai ya biya kuɗi a yi masa caji ran kasuwa. Ya gyara na'urar ɗaukar hoto ta yadda fuskar baƙin mutum za ta fito sosai. Ya kafa sashen gyara mai suna Carlcare a 2009, ya buɗe masana'antar haɗa salula a ƙasar Habasha a 2011. Duk waɗannan kuɗi ne da ya kashe, waɗanda da ya so da ya sa aljihu. A 2017 ya wuce Samsung wajen yawan salular da ake sayarwa a Afirka.

Shi ma bai tsira daga tabo ba. A 2020 wani kampanin tsaron salula ya bayyana cewa dubban Tecno samfurin W2 sun iso kasuwannin Afirka da wata muguwar manhaja a ciki, mai sa mutum cikin hidimomin biya ba da saninsa ba, tana cinye masa kuɗin kira. Transsion ya amsa cewa abin ya faru, ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kaya, ya ce ya fitar da magani. Ko laifin na wane ne, talakan da ya ga kuɗin kiransa na narkewa shi ya biya.

Yanzu sai a komo ga ɗan kasuwar da ke da rumfar salula a babbar kasuwar Yamai, ko ta Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram. Zai ce, kuma da hujjarsa: Amazon yana da littattafan da zai sayar bayan allo, Xiaomi yana da talla, shi kuwa mene ne nasa? Uwar kuɗinsa sau da yawa ta wani ce, ga duwan, ga hayar rumfa, ga kuɗin mota, ga canjin naira da ke hawa da sauka in daga Kano ya ɗauko kaya. In ya sayar ba riba, wata uku ya rufe. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba wanda zai ce ƙaramin ɗan kasuwa ya kwaikwayi masu biliyoyi wajen sayarwa da asara. Amma tsakanin asara da tsawwalawa akwai fili mai faɗi.

A ɗauka misali, salula ta tsaya wa mutum biyu jika 40 kowanne. Na farko ya dubi baƙauyen da ya sayar da wakensa ya shigo birni, ya ga bai san kuɗin kaya ba, ya sayar masa jika 50. Ya ci jika 10, ya ji daɗi. Na biyu ya sayar jika 44, ya rubuta wa mai saye takarda da kwanan wata, ya ce in ta yi gardama cikin wata guda a maido ta. Jika 4 kawai ya ci. To amma baƙauyen farko zai koma gida, kuma a gida akwai wanda ya san kuɗin wannan salula. Daga ran nan an gama ciniki tsakaninsa da waccan rumfa, shi da duk wanda ya ji labari. Na biyun kuwa, in Allah ya sa ya dace, wurinsa za a zo sayen abin caji da batiri da gilashi, kuma in mutum uku daga gidan nan suka sayi tasu salula cikin shekara biyu, ribarsa ta kai jika 16 ban da ƙananan kaya. Ba dole ba ne lissafin ya fito haka kullum. Akwai mai saye da za a yi wa alheri gobe ya wuce rumfar gaba saboda dala goma. Amma kasuwar salula kasuwar sanayya ce, garuruwan kuma ba su da girman da mugun suna zai ɓace cikinsu. Manyan alhazan Maraɗi da suka yi suna a fatauci, da yarda da bashi da cika alkawari suka gina dukiyarsu, tun ba a san salula ba.

Gyaran da ɗan rumfa zai iya bayarwa ma ba duka na kuɗi ba ne. Ya faɗi gaskiya in kaya jabu ne ko an taɓa amfani da su. Ya zauna minti goma ya nuna wa tsohon da bai daɗe da fita ajin yaƙi da jahilci ba yadda zai adana lamba da yadda zai karanta saƙon kuɗi. Ya san mai gyara na kirki da zai tura mutane wurinsa. Waɗannan suna cin lokaci, wani sa'i ma su hana ciniki, domin mai gaskiya kan rasa mai sayen da maƙaryaci zai samu. Ita ce ribar yau da ake cewa a haƙura da ita.

Mahukunta su ma suna da nasu rabo, ta fuska biyu. Ta farko ita ce sayayyar ma'aikatu. Idan kwamitin ba da kwangila ya zauna, ido yakan tafi ga wanda ya kawo kuɗi mafi ƙanƙanta, kuma niyyar mai kyau ce, tattalin dukiyar ƙasa. Amma na'urar buga takardu ko kwamfutar da aka saya da araha, in tawadarta ta fi ƙarfin kasafin biro, ko ba a samun kayan gyaranta sai an aika waje, za ta ƙare a kan kabad ƙura na rufe ta, a koma biyan kuɗin buga takardu a bakin titi. Ya kamata takardar neman masu kwangila ta tilasta wa kowa ya rubuta kuɗin tawada da kayan gyara na shekara uku, da tsawon garanti, da sunan garin da mai gyara yake. Sa'an nan a tara duka a kwatanta.

Ta biyu ita ce tsaron kasuwa. Mai ƙarfi yana iya karya kuɗin kaya da gangan har ƙanana su mutu, in fili ya zama nasa shi kaɗai ya ɗaga yadda ya so. Saboda irin wannan ne ƙasar Faransa, tun 1963, ta hana ɗan kasuwa ya sake sayar da kaya ƙasa da yadda ya saye su, sai a waɗansu halaye da doka ta ware, kamar kayan da ke shirin lalacewa. Ƙungiyar UEMOA ta kafa nata ƙa'idodi na gasar kasuwanci a 2002, Nijar kuma ta yi dokar kare masu saye a 2015. Rubutun yana nan. Abin da ya rage shi ne mutumin Tasawa ko na Madawa da salularsa ta mutu kwana biyar da saye ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma ya tarar da wani zaune a bayanta. Matakin farko da ma'aikatar kasuwanci za ta iya ɗauka, ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba, shi ne ta sa kowace rumfar salula ta riƙa ba da takardar shaidar saye mai ɗauke da lambar na'urar da ranar da garanti zai ƙare, a kuma yi bayanin haka da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo.